Amsa ga Hajiya kan akwatin hotunan Baba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na ji saƙonki kan akwatin nan da kuka buɗe a ɗakin marigayi Baba, Allah Ya jiƙansa da rahama, mai cike da hotuna da nagatif, wato fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, tun zamanin da yake sana'ar hoto. Kin ce za ki ware masu kyau ki zubar da sauran. Don Allah ki dakata tukuna. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na yi murya.

Bari in ba ki misalin da ya sa na ce haka. Kin ga a Amurka, bayan kasuwar hannun jari ta rushe a 1929, talauci ya yi katutu, har a 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aikin yi. Ga fari, ga guguwar ƙura tana korar manoma daga gonakinsu. To daga 1935 sai gwamnati ta ɗauki masu hoto ta baza su cikin ƙasa su ɗauko halin da talaka yake ciki. Hukumar ita ce daga baya aka sani da FSA, wadda ke tallafa wa manoma, mai kula da sashen hoton kuma sunansa Roy Stryker.

Shi wannan bawan Allah yana da wata ɗabi'a. In an kawo fim, duk wanda bai yi masa ba, sai ya sa abin huda takarda ya ɓula shi, wani ma a kan fuskar mutum. Dubbai ya yi wa haka, masu hoton suna ta jin haushi. Yau ɗakin karatu na Majalisar Amurka yana riƙe da nagatif wajen 175,000 na wannan aiki, har da ɓulallun. Za ki ga manomi a tsaye da baƙin tabo zagayayye a jikinsa, kuma shi ma ana nazarinsa, ana baje kolinsa. Mutumin da aikinsa ke nan bai iya gane wanda zai yi daraja ba, balle ni da ke.

Sai maganar suna, wadda ta fi damuna. Akwai hoton wata uwa da ta yi tagumi, yara biyu sun jingina da kafaɗunta sun juya wa kyamara baya, jariri a cinyarta. Dorothea Lange, ɗaya daga cikin masu hoton nan na gwamnati, ta ɗauke shi a Maris 1936, a Nipomo ta jihar Kalifoniya. Hoton ya zaga duniya amma babu sunan matar, sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano ita ce Florence Owens Thompson. Shekara 42 fa!

Saboda haka, Hajiya, tun Inna da su Kawu suna da ƙarfi, ki kai musu hotunan su gaya miki wane ne wannan, bikin wa, wace unguwa. Ki rubuta a baya da fensir, ban da biro, tawada tana ratsa takarda. Kada a wanke su da ruwa, kada a kai a liƙe su da roba. Ki fitar da su daga leda ki sa a ambulan, nesa da danshi kafin damina. Fim ɗin da kika ji yana warin tsami, ki ware shi daban, ya fara lalacewa ne kuma yana shafar na kusa da shi.

Abin da za ki fara yi, ki ɗaga nagatif ɗin a hasken taga ki ɗauka da waya, ki turo mana ko biyu mu gani. Sai na ji ki.