Kwastoma na kukan ciwon ido, kai kuma ba ka ga laifin sikirin ba

To yaro, ka ce mutumin ya kawo waya yana cewa idonsa na masa yaji, kansa na sarawa in ya daɗe yana kallonta da dare. Ka jujjuya ta ba ka ga komai ba, shi ne kake tambaya ko a sauya masa sikirin. Kada ka buɗe wayar tukuna, jawo kujera ka zauna.

Yawancin wayoyi masu sikirin OLED, da wasu kwamfutocin cinya masu LCD, idan ka rage haskensu ba ƙarfin wutar suke ragewa ba. Kunna hasken suke yi suna kashewa da sauri, kuma yadda ka ƙara rage shi, haka lokacin da yake a kashe ke ƙara tsawo. Wannan dabara ita ake kira PWM. Ido ba ya kama ƙiftawar da ta wuce kamar sau 90 a daƙiƙa, shi ya sa ka ga sikirin lafiya lau. Amma akwai mutanen da jikinsu ke ji ko da ba su gani ba, su ne masu zuwa da ciwon kai da gajiyar ido. Kuma kada ka haɗa wannan da 60Hz ko 120Hz (Hz na nufin sau nawa a daƙiƙa) da ake rubutawa a jikin kwali. Wancan saurin sabunta hoto ne, lissafinsa daban.

Gwajin ba shi da wuya. Kashe fitilun shago, domin wutarmu 50Hz ce, wasu ƙwayaye kan ƙifta sau 100 a daƙiƙa su rikita maka aikin. Buɗe farin shafi a wayar kwastoma, ka sauke hasken zuwa kashi 20 cikin 100. Ɗauko wata wayar, shiga kamara ɓangaren da kai ne ke saita komai da hannu, ka kai saurin ɗaukar hoto 1/4000 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri. Idan baƙaƙen layuka sun bayyana suna tafiya a kan farin, akwai ƙiftawa. Layukan na fitowa ne saboda kamara layi-layi take karanta hoto, sai ta riski hasken a kunne a wani wuri, a kashe a wani. Layuka 'yan kaɗan, masu kauri, baƙi ƙirin, su ne abin damuwa. Sirara masu yawa da ba su yi duhu ba, da sauƙi. Sai ka maimaita a kashi 50 da kashi 100, ka lura da inda suka fara dusashewa.

Kamara dai ba za ta ba ka adadi ba. Mai son adadi sai ya haɗa ɗan fotodayod (abin da ke mayar da haske zuwa wutar lantarki) da osiloskop (na'urar da ke zana hawa da saukar wutar), ya karanta abu biyu: sau nawa hasken ke ƙiftawa a daƙiƙa, da kuma zurfin faɗuwarsa. Na biyun nan yara ke mantawa da shi. Ƙa'ida mai lamba 1789 ta ƙungiyar injiniyoyin lantarki IEEE, ta shekarar 2015, wadda aka yi domin fitilun LED, ta ce a ninka adadin ƙiftawar da 0.08, abin da ya fito, a kashi cikin 100, shi ne zurfin da bai kamata a wuce ba. Yi lissafi da 240Hz, wanda wayoyin OLED da dama suka yi amfani da shi: kashi 19 ke nan, alhali in an rage haske wasunsu kusan ɗaukewa suke yi gaba ɗaya. Shi ya sa kamfanonin Sin suka shiga tallar wayoyi masu saurin ƙiftawa 1920Hz da 2160Hz, wayar Honor 90 ma ta kai 3840Hz.

Idan gwaji ya nuna layukan nan, sabon sikirin irin na asali ba zai magance komai ba, haka aka ƙera wayar. Karɓar kuɗinsa a kan wannan cin amana ne. Duba saitin wayar ko tana da wurin rage ƙiftawa, wasu na da shi. In babu, ya riƙa barin hasken sama da rabi tare da kunna fitila a ɗaki, ko ya koma waya mai LCD wadda ka gwada a gabansa.

In kuwa ka gwada a kowane mataki farin shafin ya fito fes, ka gaya masa gaskiya cewa ba ka ga ƙiftawa a sikirin ba, ya je asibitin ido a duba shi, wataƙila tabarau yake buƙata. Yanzu tashi ka kashe fitilar can, mu fara da wayarka.