Tsohuwar Marsandi 300 SE: a saya ko a bari?

Malam, ka ce ka ga Marsandi 300 SE ƙirar 1988 a garejin wani dattijo, fentinta na asali, kujerun fata ko tsaga babu, kana tambaya ko ka saya.

Wannan ita ce W126, babbar S-Class da aka ƙera daga 1979 zuwa 1991. Rufe ƙofarta kawai ka ji, dum, kamar murfin taska. Injinta silinda shida ne, ba shi da rigima. Fetur kam tana sha, kada ka ruɗi kanka.

Sai dai ƙyallin fenti ba shi ne lafiya ba. Ɗaga kafet ɗin but ka shafa da hannu, don ruwa yakan bi ta robar gilashin baya ya ci ƙarfe. Durƙusa ka leƙa wuraren sa jak. Motar da ta daɗe a ajiye kuwa, robobi da tiyon birki duk sun bushe, ko da mita na nuna tafiya kaɗan. Ni na fi amincewa da wadda ake hawa masallaci duk Juma'a.

In ƙarƙashinta ba tsatsa, je ka yi ciniki, amma ka ware kuɗin tayoyi da batir.