Ƙuduri a tsarin firaminista: amsar tambayar jiya

Salamu alaikum jama'a. Ƙanina, na saurari tambayarka, wai yaya ƙuduri ke zama doka a tsarin firaminista, kuma ko sarki na iya cewa bai yarda ba. To bari in ɗauki Birtaniya, tunda nasu aka fi kwaikwaya.

Ka fara riƙe wannan: a can gwamnati a cikin majalisa take zaune. Firaminista da ministocinsa 'yan majalisa ne, kuma ɓangarensu ke da rinjaye. Shi ya sa yawancin ƙudurorin da ke kai labari minista ne ke kawo su.

Karatu na farko, sunan ƙudurin kawai ake karantawa, ko muhawara babu. A karatu na biyu ake tafka muhawara kan manufarsa, a kaɗa ƙuri'a. Amma fa da wuya gwamnati ta sha ƙasa a nan, domin bulaliyar jam'iyya na tsaye a kan kowa, an riga an gaya maka inda za ka jefa. In ka ga ƙuduri ya faɗi, to 'yan gida ne suka yi tawaye. Haka aka yi wa Firaminista Margaret Thatcher a 1986 kan buɗe shaguna ranar Lahadi, 'yan jam'iyyarta ne suka juya mata baya.

Ni a ganina aikin gaske a kwamiti yake. Nan ake bin ƙudurin sashe-sashe, har kalma-kalma. Wani ya ce a cire "minista na iya" a sa "dole minista ya", ka ga kalma biyu, amma sun sauya doka gaba ɗaya. Daga nan a dawo da shi zaure, a ƙara gyara, a yi karatu na uku.

Yauwa, in an gama a majalisar wakilai, sai majalisar dattawa, waɗanda ba zaɓarsu aka yi ba. Su ma duk matakan nan za su bi. In sun yi gyara a mayar wa wakilai, wakilai su ƙi su maido, a yi ta kai da komo har a daidaita. Sai dai dokokin 1911 da 1949 sun rage musu ƙarfi. Jinkiri kawai za su iya, kamar shekara guda, na kuɗi kuwa wata ɗaya. Ta wannan hanya aka wuce da dokar hana farauta da karnuka a 2004 ba da yardarsu ba.

Batun sarki kuma, a takarda yana iya ƙi. A aikace, rabon da a ƙi tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Har yau da tsohon Faransanci ake sanar da amincewar, abin ya zama al'ada.

Af, na kusa mantawa. Amincewar sarki ba lallai ta sa doka ta fara aiki ranar ba. Wasu sassan sai minista ya sa musu rana tukuna.