Kafin ka murɗa wannan wutar

Ka ce iskar neon ta kama haske da ka sa mata wutar lantarki a bututun gilashi mai ramin milimita 1, amma da ka cika zaren faiba, wato siririn zaren gilashi mai ɗaukar haske, mai ramin maikron 100 (kashi ɗaya cikin goma na milimita) ya ƙi kamawa, wai ko ka ƙara wuta. Yaran yanzu ke nan, abu na ƙi sai hannu ya tafi kan maɓalli.

Saurara, ɗana. Tun 1889 masanin kimiyya Bajamushe Paschen ya nuna cewa wutar da ke kunna iska tana bin matsin iskar da tazarar ƙarafa biyun da wutar ke bi tsakaninsu. Amma a rami irin wannan bango ne ke cin ka. Rami ya ƙuntata sau 10, ilektoron, ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarkin, suna faɗa wa bango su mutu sau 100 fiye da da. Matsin da ya yi maka aiki a bututu ya yi kaɗan a nan, ɗaga shi.

Kuma kada gejin matsi na famfon zuƙe iska ya ruɗe ka. Bakin zaren yake karantawa, bai san tsakiya ba. A ƙarancin matsi, iskar da ke iya bi ta wannan rami ta ragu sau 1,000. Ja iskar ta bakin zaren biyu, ka wanke da neon mai tsabta, ka sake ja, ka jira. In ka ga hasken ya yi shuɗi-shuɗi maimakon ja mai ruwan lemo, akwai iskar waje a ciki. Yadda ake liƙe baki kuwa, wanda bai iya ba bai kamata ya tsaya gaban tebur ba.

Asarar da ta fi ƙona rai ita ce ta cire razista, abin da ke taƙaita lantarkin da ke bi. Yaro ya ga wuta ta ƙi kamawa, sai ya ce razistan ne ke tare ta, ya ɗaure shi da waya. Bai san iska in ta kama, juriyarta faɗuwa take yi ba: lantarki ya ƙaru, juriya ta ƙara faɗuwa, babu mai riƙe linzami. Bututun lesa na hiliyam da neon yana cin kamar mili'am 5, wato maikro'am 5,000 na lantarki. Tura wannan cikin zarenka, ka cusa shi ke nan a fili da ya gaza sau 100. Za ka ga farin haske wal, ka ji ƙauri, rigar robar zaren ta yi baƙi. Duba da madubin ƙara girma: ƙarfen bakin ya feshe bangon ciki, siraran bangayen da ke riƙe haske sun lanƙwashe. Zaren da aka yi oda aka daɗe ana jira ya tafi cikin ƙiftawar ido, yaron kuma ya ce ai gwadawa ya yi.

Fara da maikro'am 50 ko ƙasa, razista a jere kusa da ƙarfen, mita a gabanka. In ka kashe, sauke cajin kafasita mai ajiye wuta kafin ka kai hannu.