Tambarin da ba ka sani ba

Ka kawo mini wuƙar nan kana tambaya: wa ya ƙera ta, tunda haruffa biyu ne kawai a jikinta, kuma mai kyau ce ko ta banza? To, ɗana, tambayoyi biyu ne, ka kuwa fara da ƙaramar. Ajiye maganar suna tukuna, ɗauko magagari.

Goga shi a hankali kusa da gindin kaifi, inda ba zai ɓata ta ba. In ya zame kamar a kan gilashi, ƙarfen ya taurara. In ya ci, maƙerin bai gama aikinsa da wuta da mai ba. A ma'aunin Rockwell, na awon taurin ƙarfe, wuƙar yanka mai kyau takan faɗa tsakanin 58 da 62, amma ba kowa ke da injin awon ba, shi ya sa muke da hannu. Sai ka danna kaifin a gefe a kan sandar tagulla. Ya lanƙwasa kaɗan ya koma daidai, madalla. Ya tsaya a lanƙwashe, ta yi laushi. Ya ɓalgace, an tsoma ta a mai ba a mayar da ita wuta ta huce taurin ba. Wannan mayarwar, a zafin wajen digiri 200 na ma'aunin Celsius, ita masu gaggawa ke tsallakewa, kuma ba a ganin laifin sai ranar da wuƙa ta haɗu da ƙashi.

Yanzu ɗaga ta ka hango bayanta daga ƙota zuwa tsini. Miƙaƙƙiya ce? Juyo kaifin ya kalle ka, ka duba inda washi ya fara a ɓangarorin biyu. Nan ne hannu ba ya ƙarya. Wanda ya ƙware, layukan biyu kan tashi wuri ɗaya, kaifi ya zauna a tsakiya. Duba kuma mahaɗar ƙota da ƙarfe: in farce ya shiga, ruwa ma zai shiga, tsatsa ta biyo baya.

Zanen nan kamar igiyar ruwa da ya ɗauke maka hankali, wanda ake kira Damaskas, kada ya ruɗe ka. Damaskas na gaskiya ninkin ƙarfe iri biyu ne, zanen yana ratsawa har bayan wuƙa. Na bogi a fuska kawai aka zana shi da asid, yashin goga kaɗan ya share shi, ba ya dawowa.

Sai maganar mai ita. Tambari yakan zauna a filin da ke tsakanin kaifi da ƙota. Wanda aka buga da zafi yana da zurfi, ƙarfen gefensa ya ɗan motsa. Wanda aka ci da asid ko lantarki shafe yake. In ka ga JS ko MS kusa da suna, wato matakin ƙwararren maƙeri da na babban gwani, na ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka ne, ABS, wadda aka kafa a 1976. Ba a samun haruffan sai wuƙar mutum ta yanke igiya a rataye, ta sare katako, ta aske gashi, sannan a lanƙwasa ta digiri 90 ba ta karye ba. Lamba irin 1095 ko 5160 ko 52100 kuwa sunan ƙarfe ne, ba na mutum ba. Na sha ganin masu neman wani "Malam 440C".

Taka ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ɗora takarda a kan haruffan ka goga fensir, ka ɗauki hoton ƙota da ƙusoshinta da ɗinkin kube, don maƙeri yakan canza tambari amma da wuya ya canza yadda yake ɗinki. Ka nuna wa tsofaffin masu tara wuƙaƙe. Wanda ya yi saurin kiran wani babban suna, tambaye shi ko yana da wata ta sayarwa.

Miƙo magagarin nan mu ji.