Kan maganar aron shanu

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce iyayen yarinyar za su turo a ga gida kafin su karɓi kuɗin gaisuwa, abokanka kuma sun ce ka ɗaure shanun huɗata a turkenka ka ce naka ne, wai haka aka gada.

Aro kam mun gada. Ango yakan ari babbar riga, a ari tabarmi da tukwane, kowa ya san na aro ne, ana watsewa a mayar. Amma nuna wa suruki dukiyar wani da sunan taka, ko kakanninmu da suka rasu suna Maguzawa abin kunya ne a wurinsu. Wa ma za ka ruɗa? Baffan yarinyar ba ya fashin kasuwar Wudil ranar Juma'a, jan san nan mai karyayyen ƙaho a gabansa aka sallama mini shi.

Abin da ya fi damuna shi ne cewar da ka yi ka yi addu'a, ka tabbata Ubangiji ya ba ka ita, ƙaryar ɗan turi ce kawai. Haka Rifkatu, matar Ishaku, ta ɗauka. Duba Littafin Farawa sura 25: tagwayenta, Isuwa babba da Yakubu ƙarami, suna ciki aka faɗa mata babban zai bauta wa ƙaramin. Magana ta ƙare ke nan, amma ta kasa jira. Ta rufe wa Yakubu hannuwa da wuya da fatar 'yan awaki, ta tura shi gaban Ishaku da ido ya riga ya dushe, a matsayin Isuwa mai gashi, don ya karɓi albarkar babban. Albarkar ya samu, sai dai gidan ya gagare shi zama don Isuwa na neman ransa. A Haran ya faɗa hannun kawunsa Laban (ni ba irinsa ba ne, kwantar da hankalinka), ya yi bautar shekara 7 don Rahila, gari ya waye sai ga Lai'atu. Shekara 20 ya yi a can, Littafi Mai Tsarki bai kuma nuna ya sake ganin uwarsa ba.

Ranar da za su zo, ni zan yi magana. Zan ce kana da gonar da mahaifinka ya bari, shanu nawa ne, kowace damina ina ba ka su ka yi huɗa. Wataƙila su ja baya, za ka kuwa ji zafi, ban ɓoye maka ba. Lahadi bayan sujada ka tsaya mu ga fasto tare, ka kuma gaya wa mahaifiyarka ta fara jiƙa gero na kunun baƙi.