Yadda ake cewa "ƙaƙaba" da Turanci

Malam, ka tambayi kalmar Turanci ta ƙaƙaba wa mutum abin da ba ya so. Ya danganta da abin.

Impose na masu iko ne: haraji, tara, dokar hana fita. Foist kuwa da wayo a ciki, kamar ɗan gwanjo a Kasuwar Bacci ya lallaɓa ya liƙa maka rigar da ta yi kwantai. In jabu ce, palm off ya fi dacewa. Inflict na ciwo da azaba ne.

Inda ake yawan tuntuɓe: impose, foist da inflict da "on" suke tafiya, ba "to" ba. In takardar kotu ce, bari lauya ya duba kafin ka rubuta coerce, domin zargin tursasawa ne da barazana.